Dominika Cibulkova: 'yar tanis da ta yi shekara 15 tana fatauci da ƙafafunta

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na wasanni na wannan mako. Mun rubuta shi ne saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya, ko suna daji bayan dabbobi inda rediyo ba ya kamawa sosai. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya jawo maganar saƙo ne daga wani babanmu da ke safarar kaya tsakanin Garwa da Yola. Ya ce 'yarsa ta fi kowa gudu a makarantarsu, kuma tun ranar da ta ga mata suna buga tanis a talabijin ɗin wani shago ba ta da zance sai shi. Shi kuma ya ji an ce matan nan miliyoyi suke kwasa. Tambayarsa ita ce: gaskiya ne, kuma sana'a ce da mutum zai sa 'yarsa a ciki?

Baba, miliyoyin gaskiya ne. Sai dai yadda ake samun su ya fi kama da sana'arku fiye da yadda kuke zato. Bari in bi da ku ta labarin mace guda, Dominika Cibulkova, 'yar ƙasar Sulobakiya, domin rayuwarta ta nuna ribar wasan da asararsa ƙarara.

Da farko ƙasar tata. Sulobakiya tana tsakiyar Turai, ba ta da teku, kamar Cadi. Faɗinta wajen murabba'in kilomita dubu 49 ne, wato jiharmu ta Arewa mai hedikwata a nan Garwa ta fi ta girma. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 5. Da ita da ƙasar Cek a haɗe suke, sai ranar 1 ga Janairun 1993 suka rabu lafiya, ba harbi ba jini. Babban birninta Bratislava yana bakin kogin Danube kamar yadda Garwa take bakin Binuwai, kuma garin kan iyaka ne, yana maƙwabtaka da Ostiriya da Hangari. Makiyaya kuma ku ji wannan: a duwatsun ƙasar akwai masu kiwon tumaki, kuma cukun nonon tunkiya yana cikin abincin da suka fi ji da shi. A Bratislava aka haifi Dominika ranar 6 ga Mayun 1989. Ta fara riƙe raket, wato abin buga ƙwallon nan mai raga, tun ba ta kai shekara 10 ba, a wani gari da ake kira Piestany. A 2002, tana da shekara 13, matan Sulobakiya ƙarƙashin jagorancin Daniela Hantuchova suka doke Sifen suka ɗauki kofin ƙasashe na duniya. Don haka yarinyar ta tashi tana ganin 'yar ƙasarsu ta yi, ba a labari ta ji ba. A 2004 ta shiga wasan a matsayin sana'a.

To a nan ne ya kamata a fahimci bambancin tanis da ƙwallon ƙafa. Mu a Garwa mun san hanyar ɗan ƙwallo. Vincent Aboubakar ya taso a Coton Sport, a 2010 kulob ɗin Valenciennes na Faransa ya ɗauke shi. Ɗan ƙwallo yana da kwantiragi da albashi. Kulob ne ke biyan jirgi da masauki da likita, kuma ko ya ji ciwo ya yi wata shida a kwance, albashinsa na shiga. 'Yar tanis ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ita ce mai jari, ita ce motar, ita ce kayan. Ita ke biyan mai horar da ita, ta saya masa tikitin jirgi, ta ciyar da shi. Wannan mako tana Ostireliya, wata mai zuwa tana ƙasashen Larabawa ko Amurka, daga nan Turai, ƙarshen shekara Asiya. Kowace gasa kasuwa ce. In ta yi nasara ta wuce zagaye na gaba, kuɗinta ya ƙaru. In aka fitar da ita ranar farko, ta karɓi ɗan abin da aka ware wa masu faɗuwa da wuri, ta haɗa jakarta, ta nufi kasuwa ta gaba. Ƙasar da aka yi gasar kuma sai ta cire harajinta kafin kuɗin ya fita, kamar yadda duwan a wannan gefe da kwastan a wancan gefe ba sa barin kaya su wuce haka nan.

A ƙananan gasanni, inda kowa ke farawa, duka kuɗin da za a raba wa 'yan wasa a lokacin da Dominika ta fara dala dubu 10 ne. Ba na wadda ta ci kofi ba fa, na kowa da kowa. Ku cire kuɗin jirgi da otal ku ga abin da zai saura. Shekarun farko iyaye ne ke zuba kuɗi, ko hukumar wasan ta ƙasa, ko wani mai hali da ya yarda da yarinyar.

Sai kuma maganar jiki. Filin tanis tsawonsa kusan mita 24 ne, da raga a tsakiya da ta ɗan gaza mita guda. Kowane maki da bugun farko yake somawa, inda 'yar wasa ke jefa ƙwallo sama ta maka shi ya tsallake raga ya faɗa cikin wani ɗan akwati. Doguwa daga sama take maka shi, sai ya sauko da ƙarfi kamar jifa daga kan tudu. Gajeruwa kuwa raga ta tsaya mata a gaba. Tsawon Dominika mita 1.61 ne. Maria Sharapova ta Rasha, ɗaya daga cikin manyan zamanin, mita 1.88. Da dillalan kara ne za su duba su biyun, ba sai na faɗa muku wadda za su yi wa kuɗi ba. Dabarar da Dominika ta kama ita ce ta tsaya kusa da layi, ta tari ƙwallo da wuri tun yana tasowa daga ƙasa, ta mayar da shi da dukan ƙarfinta kafin doguwar ta gama gyara tsayuwa. Irin wannan wasa ƙafa yake ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 2009, a babbar gasar Faransa ta Roland Garros, ta haɗu da Sharapova a zagayen 'yan takwas. Wasan mata turmi biyu ake nema cikin uku, kamar dambe, kuma kowane turmi wadda ta fara kai 6 da ratar biyu ita ta ci. Dominika ta ci 6-0 da 6-2. Tana da shekara 20. Ta faɗi a wasan kusa da na ƙarshe, amma daga ranar duniya ta san sunanta. Duk da haka babban kofinta na farko na ɗaiɗaiku bai zo ba sai 2011 a Mosko, shekara bakwai bayan ta fara.

Akwai wani abu da ya same ta a Janairun 2013 da nake so matasa su ji. Ta kai wasan ƙarshe a birnin Sidni, sai Agnieszka Radwanska ta ƙasar Folan ta yi mata 6-0 da 6-0. Ko ɗaya ba ta samu ba, a gaban jama'a, a wasan kofi. A damben gargajiya wannan kisa ne tun ba a gama ɗaura zare ba. Bayan wata shida suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Stanford ta Amurka, Dominika ta faɗi turmin farko, ta ci biyun da suka biyo, ta ɗauki kofin.

Janairun 2014 ta je Australian Open, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na shekara, tare da na Faransa da Wimbledon ta Ingila da US Open ta Amurka. Ta fitar da Sharapova, ta fitar da Simona Halep ta Romaniya, ta yi wa Radwanska ɗin nan 6-1 da 6-2. Ita ce 'yar Sulobakiya ta farko da ta kai wasan ƙarshe na ɗaiɗaiku a irin wannan babbar gasa. Li Na ta ƙasar Sin ta doke ta 7-6 da 6-0, amma kafin watanni uku ta shiga cikin mata goma na farko a duniya.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar maganar. Mene ne wannan matsayi da ake cewa ta goma ko ta ɗari a duniya? Kowace gasa tana ba da maki. Wadda ta ci babbar gasa tana samun 2,000, wadda ta zo ta biyu 1,300, wadda ta tsaya a 'yan takwas 430. Ana tara makin a jera 'yan wasa. Sai dai makin yana da wa'adi: mako 52 kacal yake yi, sannan a goge shi. Abin da kika samu a Janairun bara, Janairun bana zai fita daga lissafinki, sai abin da kika sake samu ya maye gurbinsa. Makiyayi ya san wannan tun yana yaro. Ciyawar daminar bara ba ta ƙosar da saniyar bana, kuma wurin da ka samu ruwa a ranin da ya wuce dole ka sake takawa ka je ka gani ko yana nan.

Ga yadda lissafin ya yi da ita. A 2014 ta kwashi 1,300 a Ostireliya. A 2015 ta koma, ta yi ƙoƙari sosai har 'yan takwas, Serena Williams ta tsayar da ita. Mutum zai ce ai ta yi abin kirki. A littafin maki kuwa 1,300 ya fita, 430 ya shiga, giɓin 870 ke nan. Ana cikin haka agararta ta hagu, jijiyar nan ta bayan dunduniya, ta matsa mata da ciwo har aka yi mata tiyata. Ku da ke kiwo kun san abin da ke faruwa da dabbar da agararta ta samu matsala. Ta yi wajen wata huɗu ba ta buga wasa ba. A cikin waɗannan watanni ba albashi, ba kuɗin gasa, kuma kowane mako makin da ta tara a bara yana zubewa, ba abin da ke shiga. Ta ƙare 2015 a matsayi na 38. Janairun 2016 aka fitar da ita a zagayen farko a Ostireliya, 430 ɗin ma ya tafi. A Fabrairu ta tsinci kanta ta 66.

Matsayin ba ado ba ne, shi ne takardar shiga kasuwa. Babbar gasa mutum 128 take ɗauka, kuma kusan ɗari na farko ne ke shiga kai tsaye. Sauran sai sun yi wasannin share fage. A cikin waɗanda suka shiga, 32 na sama ana raba su yadda ba za su haɗu da juna da wuri ba. Wadda take ta 66 ba ta da wannan kariya, ƙuri'a na iya haɗa ta da ta ɗaya a duniya ranar farko. Ta faɗi da wuri, maki bai shigo ba, matsayi ya ƙara sauka, gasa ta gaba ta ƙara wuya. Duk ɗan kasuwar da jarinsa ya taɓa karyewa ya san wannan rami: ba ka da kaya don ba ka da kuɗi, ba ka da kuɗi don ba ka da kaya.

Abin da ta yi shi ne abin da ɗan kasuwa mai hankali ke yi. Ta koma ƙaramar kasuwa. A Afrilun 2016 ta je Katowice a Folan, gasar da manya ba su cika zuwa ba, ta ci kofi. A Mayu ta kai wasan ƙarshe a Madrid. A Yuni ta ci kofin Eastbourne a Ingila, a kan filin ciyawa. Daga nan Wimbledon, inda ta sake cin karo da Radwanska a wani wasa da ya kai kusan awa uku, turmi na uku ya ƙare 9-7, Dominika ce a sama.

A nan akwai wani ɗan abin dariya. An riga an sa ranar aurenta 9 ga Yuli, ranar da ake buga wasan ƙarshe na mata a Wimbledon. Da alama lokacin da ake sa ranar ba wanda ya yi zaton za ta yi nisa haka. Da ta kai 'yan takwas sai ta ce in ta ci wasa na gaba za a ɗage bikin. Elena Vesnina ta Rasha ta doke ta, ta koma gida, aka yi biki a ranarsa. Iyayenmu mata da suka taɓa dafa abincin biki su ne za su fi gane irin ajiyar zuciyar da aka yi a gidan.

Ƙarshen kowace shekara ana tara mata takwas da suka fi maki su kara a tsakaninsu. A 2016 a Singafo aka yi. Dominika ba ta samu gurbi ba sai da ta ci kofin Linz a Ostiriya a watan Oktoba, ana dab da rufe ƙofa. Ana raba takwas ɗin gida biyu, kowa ta buga da uku na gidanta, biyu su wuce. Wasan farko Angelique Kerber ta Jamus, ta ɗaya a duniya, wadda ta ci manyan gasanni biyu a shekarar, ta doke ta turmi biyu da ɗaya. Wasa na biyu Madison Keys ta Amurka ta doke ta biyu da babu. Kowa ya ɗauka ta gama. Wasa na uku ta doke Halep biyu da babu, sannan ta zauna jiran sakamakon Kerber da Keys. Kerber ta ci biyu da babu. Sai ga mutum uku kowace da nasara ɗaya: Dominika, Halep, Keys. Aka koma ƙirgen turmi. Halep na da biyu, Keys na da biyu, Dominika na da uku. Na ukun shi ne turmi gudan nan da ta ƙwata a hannun Kerber a wasan da ta faɗi ranar farko. Ni dai tun da na fara bin wasanni ban ga inda canjin da ya saura a aljihu ya yi rana irin wannan ba.

Ta doke Svetlana Kuznetsova ta Rasha a wasan kusa da na ƙarshe, bayan ta faɗi turmin farko 1-6. Wasan ƙarshe kuma sai ga Kerber, wadda da hannunta ta buɗe mata ƙofa. Dominika ta ci 6-3 da 6-4. Ƙwallon ƙarshe ma ya taɓa saman raga ne ya faɗa gefen Kerber. Kuɗin da ta samu a wannan mako guda ya kai dala miliyan 2, wato ya haura sefa biliyan ɗaya. Ta fara shekarar tana gangarawa zuwa 66, ta ƙare ta tana ta 5. A Maris 2017 ta kai ta 4, matsayi mafi girma da ta taɓa hawa.

Bayan Singafo ba ta sake cin kofin ɗaiɗaiku ba. Ƙafar da ta gina sana'ar a kanta ta ci gaba da ciwo. Wasanta na ƙarshe a Roland Garros ne a 2019, kuma a Nuwamban shekarar ta sanar ta aje raket, tana da shekara 30. Manyan kofunan ɗaiɗaiku 8, kuɗin gasa sama da dala miliyan 13 a shekara 15, kafin a cire haraji da kuɗin masu horarwa da na tafiye-tafiye. Shekara 30 a wurinmu lokacin ne yaron shago ke fara cin gashin kansa.

To mu dawo gida. Kamaru tana da nata labarin a tanis, kuma yana da ɗaci kaɗan. A 1971 shahararren ɗan wasan Amurka baƙar fata, Arthur Ashe, ya zo Yawunde, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, ya yi magana da shugabannin wasan na Faransa. Aka ɗauki yaron zuwa birnin Nice. Shi ne Yannick Noah, ɗan Zacharie Noah tsohon ɗan ƙwallon ƙafa. A 1983 ya ci Roland Garros, amma da tutar Faransa, ƙasar mahaifiyarsa, wadda ta ɗauki nauyin horar da shi. A ɓangaren mata, 'yar Afirka da ta fi yin nisa a zamaninmu ita ce Ons Jabeur ta Tunusiya, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, ta kuma taɓa zama ta 2 a duniya. Ku lura, Tunusiya a bakin Turai take, kuma tana shirya ƙananan gasanni da yawa a cikin gida. Dominika ma haka, daga Bratislava mota za ta kai ta gasa a ƙasashe huɗu ko biyar. Yarinyar Garwa kuwa kafin ta ga gasar da ke ba da maki sai ta hau jirgi, ta nemi biza, da wanda zai raka ta.

Saboda haka, Baba, ga amsata, kuma ra'ayina ne, ba fatawa ba. Ku bar yarinyar ta yi gudunta, in ta samu fili da raket ta buga, lafiyar jiki ce kuma ba ya hana tarbiyya in ana kula da ita. Amma kada a sayar da saniya ko a taɓa uwar kuɗi da sunan miliyoyin talabijin. Matan da kuke gani a akwatin 'yan ƙalilan ne na sama. A bayansu akwai ɗaruruwa da ke zagaya duniya suna ƙare shekara da bashi. In mai horarwa na gaske ya gan ta ya ce akwai abu a hannunta, tambayar farko da za ku yi masa ita ce wa zai biya tafiya, shekara nawa, kuma karatunta fa? Hanyar tana bi ta hukumar tanis ta ƙasa ne, don haka duk wanda ya zo muku a gefe ya ce ku ba shi kuɗi ya kai ta Turai, ku nemi ganin takarda. Kun fi ni sanin irin waɗannan mutane, kuna haɗuwa da su a tasha.

Wanda ke da ƙarin tambaya ya turo saƙo kamar yadda aka saba, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci. Gaisuwa ga mutanen Gashiga da Fitowa da Adumri, da na Belel da Mubi a tsallaken iyaka, da duk wanda takardar nan ta same shi a mashekari. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kokawa za mu taɓa.